Sunan da Na Kasa Faɗa a Shagon Rajista

Unguwar Gai, Kibiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'Yar Goggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, ya haɗa ki da abokan zama na kirki, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutum. Na cusa ta ƙarƙashin robar man shanu da ke cikin jakarki, don na san ba za ki ɗaga robar ba sai kin zauna kin huta, kewar gida ta fara taɓa ki. Idan maiƙo ya ɓata gefen takardar ki yi haƙuri, ki ɗauka hatimina ne.

Kin san rubutuna. Aji shida na yi aka cire ni, layina yana hawa yana gangarowa kamar hanyar shanu. Kada ki yi dariya. Ko kuma ki yi, don dariyarki ce na rasa a gidan nan tun ranar da muka dawo daga Rano, daga shagon Malam Sunusi mai kwamfuta, inda muka je cike takardar neman tallafin gwamnati. Tun ranar kina gaishe ni, kina tatsa, kina wanke ƙorai, ba ki fasa komai ba, amma kin daina tsokanata. Na san abin da na yi a shagon nan, ke ma kin sani. Ba na so ki tafi makaranta da shi a zuciyarki. Shi ya sa nake zama kullum bayan azahar a gindin tsamiya da biro a hannu, ƙannenki suna leƙe suna mamakin yaushe na koma ɗaliba.

Sai dai kin san halina, ba na iya shiga magana kai tsaye. Ki bar ni in kewaya. Kin ce idan kin gama karatun lafiyar dabbobi za ki buɗe shagon magani a Kibiya, kuma ta intanet za ki nemi tallafin da za ki fara. To a gidan nan babu wanda ya kai ni faɗawa ramukan wannan hanya. Bari in nuna miki inda suke, ko kya tsallake.

Ba sai na gaya miki abin da ya sa na shiga neman nan ba. Nono ba ya jiran kowa. Mu tatsa da safe, kafin mu kai kasuwa rana ta take, in lokacin zafi ne rabinsa ya tsinke ya yi tsami, mu dawo da shi gida muna tsaki. Mu matan unguwa masu kai nono kasuwa burinmu guda ne, firji babba mai aiki da hasken rana, wanda kindirmo zai wuni a ciki bai canza ba. Tun ranar da na ga irinsa a wani shago a Rano, na sa hannu ciki na ji sanyin, ban sake samun sukuni ba.

Ramin farko na faɗa shi kina can Lausu wajen Goggo, kakarki da ta ɗauke ki tun daga yaye. A lokacin rediyo ya cika da maganar tallafi. Ran kasuwar Kibiya sai ga wani mutum ya kafa babbar lema, ya ajiye tebur da kwamfuta, ga kati rataye a wuyansa, ga tabarau. Mata sun yi layi. Ina wucewa da ƙwaryata a ka ya kira ni.

“Inna, zo a sa sunanki. Gwamnati ta tuna da masu nono. Gobe za a rufe!”

Ni kuwa da na ji an ce gwamnati ta tuna da ni, sai na sauke ƙwarya. Ya ce kuɗin fom kawai zan biya, na kwance bakin zane na ba shi. Ya ɗauki hoton katina na ɗan ƙasa, ya tambayi lambar asusuna, na karanto masa. Sai ya ce, “Yanzu wata lamba za ta shigo wayarki, faɗa mini ita in kulle miki gurbinki.” Ta shigo, na faɗa masa, har da yi masa addu'a. Kafin in kai gida ɗan abin da na tara a banki na cinikin man shanu ya bi iska. Kasuwa ta gaba na koma wurin da zafina, na tarar da mai rake a inda lemar take.

To ki ji. Tallafin gwamnati na gaskiya ba a sayar da fom ɗinsa. In ma za ki biya wani abu, ladan mai kwamfutar da ya buga miki ne, shi ma kin san na mene ne. Lambar da take shigowa wayarki kuwa, taki ce ke kaɗai. Ko ni na kira ki na ce ki karanto mini, ki ce, “Adda, sai na zo gida.” Kuma duk wanda ya fara da cewa gobe za a rufe, wai ki yi sauri, to ki tsaya ki kalle shi da kyau. So yake ƙafarki ta riga kanki tafiya. Haka saƙonnin nan da ake ta turawa waya zuwa waya, a ce danna nan ka samu rabonka, ka tura wa mutum goma. Kada ki danna. Ki nemi shafin hukumar da kanki, ki tabbatar adireshinsa na gwamnati ne, in kin yi shakka ki taka zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ki tambayi masu aikin. Tambaya ba ta rage wa mace daraja.

Rami na biyu tsoron na farko ne ya haƙa mini shi. Bayan abin mai lema sai na tsani wayata, ko ƙara ta yi gabana faɗuwa yake. Da aka buɗe wata rajistar, ta gaskiya wannan karon, aka tambaye ni lambar waya, sai na ba da ta Baffanki, mahaifinki. A tunanina namiji ya fi wuyar cuta. Na kuma zaunar da shi na yi masa huɗuba: duk saƙon da ya ga ya zo da lambobi, 'yan damfara ne, kada ya kula. Na manta da abu guda, cewa da rani Baffanki ba mutumin gida ba ne. Ciyawa na ƙarewa ya kaɗa shanu suka yi kudu, inda sai ya hau tudu yake samun sabis. Muka yi ta jira. Matan da muka yi rajista tare suna ta cewa an turo musu saƙo su tabbatar da sunansu, ni shiru. Na ce wataƙila gwamnati ta sake mantawa da ni.

Da damina ta faɗi ya dawo, ya sha fura, ya miƙe ƙafa, sai ya dube ni yana murmushin wanda ya yi abin kirki.

“Ai mutanenki sun biyo ni har daji,” in ji shi. “Saƙo kan saƙo, wai a sa lamba a tabbatar. Na ce ba dai ni ba. Na goge su tas!”

'Yar Goggo, ban san lokacin da maburgi ya faɗi daga hannuna ba. Kuma ba ni da bakin faɗa, ni na koya masa. Har yau in ina son in ba shi haushi sai in ce, “Sannu, mai goge gwamnati.” Shi kuma ya ce shi umarnin uwargida ya bi.

Saboda haka ki yi rajista da layinki, wanda aka yi da sunanki, wanda yake kwana a jakarki. Kada ki ba da na ƙawa, kada ki ba da na mijin da za ki aura nan gaba, ko da kuwa ba ya zuwa kudu da shanu. Ki riƙa sa masa kati ko kaɗan ne don kada a rufe shi. Sunan da ke katinki na ɗan ƙasa, shi za ki sa a banki, shi za ki sa a rajista, a jere yadda yake, kada ki ƙara laƙabi don ya yi daɗin ji. Imel ɗin da kika buɗe ki riƙa leƙa shi kamar yadda ake leƙa saniya mai ciki. Lambar sirrinsa kuma ki haddace ta, kada ki bar wa mai shago ya riƙe miki, komai kirkinsa. Shago yana iya tashi.

Sai Allah ya yi wa Goggo rasuwa, Allah ya jiƙanta, kika dawo gida da babbar wayarki da karatunki na sakandare. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba, ashe tallafin ma iri-iri ne, jere a shafi kamar kayan koli. Kwaɗayi ya kama ni. Kina karantowa ina cewa, “Sa ni.” Na masu casar shinkafa, sa ni. Na masu ɗinki, sa ni. Kin tuna da kika zo kan na masu kiwon kifi?

“Adda, kina da kududdufin kifi ne?”

“A rubuta ina da niyya.”

Kika yi dariya har wayar ta kusa faɗawa cikin nono. Wannan dariyar nake nufi. Kika ce kowane tallafi da mutanen da aka yi shi dominsu, wanda ya cusa kansa inda ba nasa ba lokacinsa kawai yake ɓatawa, wataƙila ma a shaida sunansa a matsayin mai ƙarya. Akwai kuma wanda na nace a kansa don na ji an ambaci mata da injuna. Kika gangara ƙasa, can inda rubutun yake ƙanana, kika ce, “Adda, wannan rance ne, kuma da ruwa a kansa.” Na ce ki wuce shi. Da ni kaɗai ce da na danna, in wayi gari da bashin da ban nema ba, ga kuɗin ruwa da malaminmu na Islamiyya yake ta jan kunnenmu a kai.

A nan ba ni da abin koya miki, ke kika koya mini. Zan dai maimaita miki naki, don mutum yakan manta da wayonsa idan abin ya zo kansa. Ranar da za ki nemi na shagonki zuciyarki za ta yi rawa kamar yadda tawa ta yi. Ki karanta har ƙarshe. Ki duba don wa aka yi shi, kyauta ce ko rance, waɗanne takardu ake so, yaushe za a rufe. Ki tanadi takardunki da hotunanki tun kafin ki zauna gaban kwamfuta. Kada ki bari sai ranar ƙarshe, lokacin da duk jihar take turereniya a shafi ɗaya yana ta juyawa ya ƙi buɗewa. In kin gama, ki sa a buga miki shaidar kin tura, ki adana. In kuma ba a ba ki ba, ba zagi ba ne, masu nema suna da yawa. Ki gyara ki sake.

To, na kewaya iya kewayawa. Ga mu a bakin shagon Malam Sunusi.

Ke kika samo mana wannan tallafin, wanda ya dace da mu kamar an auna: na mata masu sarrafa abin da suke kiwo ko nomawa. Ke kika tara matan unguwa kika yi musu bayani. Ke kika ɗauki hotunan ƙorai da faifai da ni ina kaɗa nono, har kika ce in daina ɓoye fuska. Aka ce da sunana za a cike tunda ni ce babba. Muka tafi Rano don wayarki ta kasa ɗora hotunan. Shagon a cike, maza a kan benci suna jiran layi, ni a kujera gaban kwamfuta, ke a tsaye bayana.

Tun a tambayoyin farko na fara ba ki kunya. Malam Sunusi ya ce, “Hajiya, shanu nawa kuke tatsa?”

Na ce, “'Yan ƙalilan.”

Ya ce, “Hajiya, kwamfuta ba ta san 'yan ƙalilan ba. Lamba take so.”

Mazan benci suka yi dariya. Su ba su san cewa mu ba a haife mu da faɗin yawan shanu a gaban baƙo ba. Kakanninmu sun ɓoye wa masu jangali, iyayenmu sun ɓoye wa baki da ido, ni kuma ga ni ina ɓoye wa kwamfuta. Kika sunkuya kika raɗa masa. Da ya ce in bayyana sana'ata, na ce, “Muna dai taɓawa.” Kika karɓi maganar, kika faɗa masa yadda muke tatsa, yadda muke dafa madara mu kwantar da kindirmo, yadda muke fitar da mai, kasuwannin da muke kaiwa, abin da zafi yake ɓata mana, da abin da firji zai canza. Da ya karanto abin da ya buga, na zauna ina saurare kamar labarin wata mata ake ba ni. Na ce a raina, ashe duk wannan ni ce? Wallahi na ji daɗi, kuma na yi alfahari da ke.

Ki riƙe wannan. Fulako, kunyar nan tamu ta Fulani, abin ado ne a zaure da gaban surukai, amma mai duba takardarki a ofis bai san ki ba, ba zai ga kunyarki ya gane akwai dukiya a bayanta ba. Abin da kika rubuta shi zai gani. Kada ki ƙara ko tinkiya guda a kan gaskiya, kada kuma ki rage. Ki faɗi aikinki yadda yake, da bakinki.

Ina ba ki wannan shawara, alhali ni a ranar ban iya bin ta ba. Malam Sunusi ya gangara ƙasa ya ce, “Saura magaji. Suna so a sa wanda zai riƙe sana'ar idan ba kya nan. Sunan wa za mu sa?”

Ai babu wani tunani a ciki. Na ɗan juya na nuna ki da haɓa.

Ya ce, “To, sunanta?”

Na jira ki faɗa, yadda kika faɗi yawan shanu. Kika yi shiru. Na sake jira. Na ji tsayuwarki a bayana, na gane da gangan kika yi shirun, so kike ki ji daga bakina ko sau ɗaya. Na ga kamar duk mazan benci bakina suke kallo. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Malam Sunusi yana jira, yatsunsa a kan madannai. Sai kawai na ji bakina ya ce, “Hadiza.” Sunan ƙanwarki, wadda ko ƙwarya ba ta taɓa wankewa ba sai an yi faɗa. Ya ɗaga kai ya dube ki, ya dube ni, ya buga.

A mota kika zauna gefen taga, har muka iso ba ki juyo ba. Da muka sauka kika karɓi jakata kamar kullum, kika ce a hankali, “Allah ya sa Hadiza ta riƙe sana'ar da kyau, Adda.” Da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ki saurare ni, don ban taɓa faɗa miki wannan ba, kuma a fatar baki ba zan iya ba.

Ke ce 'yar farina. A yadda aka raine mu, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Wadda ta yi haka a ce ba ta da kunya, a yi ta yi da ita a rijiya. Ranar sunanki ina ɗaki ina ji aka yi shela a waje, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuma na sunkuyar da kai kamar ba ni aka yi wa ba. Amma na maimaita sunan a zuciyata, ya yi mini daɗi. Da aka yaye ki Goggo ta zo ta goya ki ta tafi Lausu, na tsaya ina shara ban ko ɗaga kai ba, don ana kallona. Sai da suka sha kwana na shiga bayan rumbu. Kika tashi kina ce mini Adda, kamar yayarki, ni ina ce miki 'Yar Goggo, kamar ba tawa ba.

Kin tuna yawan zuwana Lausu kai wa Goggo man shanu? Goggo tana da shanunta, ba ta rasa mai ba. Ke nake zuwa gani ta gefen ido. Lokacin da kika yi ƙyanda, da labari ya iso ni na ajiye tatsa na kama hanya, na isa ƙafata duk ƙaya. Goggo ta ce, “Lafiya?” Na ce maburgi na zo aro. Ta dube ni, ta dubi ɗakin da kike kwance, ta ce, “Yana ciki, shiga ki nema. Kada ki yi sauri, ya ɓuya.” Allah ya saka wa matar nan da Aljanna. Na shiga na zauna kusa da ke, na riƙe ƙafarki mai zafi har la'asar. Ba ki sani ba, barci kike.

Ba zagin al'adar nake ba. Ita ta raine ni, kuma akwai kyau a cikinta. Amma na ɗauka kin san abin da ke bayan shirun, yadda ni na san na uwata ba tare da ta faɗa ba. Sai a shagon nan na gane cewa ke abin da kika gani shi ne uwa mai kiran Hadiza, mai kiran kowa, har shanu tana kiransu da sunayensu, ban da ke. Kuma ranar da aka ce ta nuna magajiyarta a gaban jama'a, ta tsallake ki. Ina sonki. Ga shi na rubuta. Kafin in so kowa a cikinku ke na fara so, kuma babu wanda tafiyarsa za ta bar mini rami a tsakar gida kamar taki.

Kin tuna ba mu tura takardar a ranar ba, saboda shaidar ƙungiyarmu ta matan unguwa ba ta fito daga ƙaramar hukuma ba, Malam Sunusi ya ce a adana sai ta fito? To ta fito. Ranar da na ce miki zan kai mai Rano, kika ce ki raka ni na ce ki zauna ki haɗa kayanki, can na nufa. Shagon ya fi na ranar cika. Babu wuta, an tayar da janareto a bakin ƙofa yana ta ruri. Ya ɗora shaidar, ya ce, “Shi ke nan, Hajiya, in tura?”

Na ce, “Tsaya. Koma wajen magaji.”

Ya koma. Na ce ya goge. Ya goge, ya zuba mini ido. Na dubi ƙasa, na faɗa.

Ya kara hannu a kunne. “Hajiya, injin nan ya hana ni ji. Ɗaga murya.”

Kin ji jarrabawa! Shekara da shekaru ina riƙe da sunan nan a ciki, ranar da ya fito kuma janareto ya cinye shi. Na ji kamar in tashi in gudu. Sai na tuna bayan kanki a mota, kina kallon taga. Na ɗaga kai na faɗa da ƙarfi, irin muryar da nake kiran shanu da ita daga bakin rafi. Duk shagon aka juyo. Wani dattijo a kan benci ya ce, “Masha Allah, suna mai kyau.” Ƙasa ba ta tsage ba, rufin bai faɗo ba. Malam Sunusi ya buga yana murmushi, ya ce saura lambar wayarki, ko zan kira gida a karanto mini. Na ce ba sai an kira ba. Ita kaɗai ce lambar da na haddace a duniya, ko tawa sai na duba.

Da na gaya wa Hadiza an cire ta, cewa ta yi, “Alhamdu lillahi, ni dama ƙarnin nono hawa kaina yake.” Na ja mata kunne kada ta faɗa miki. Wannan maganar tawa ce.

Ban sani ba ko za a ba mu firjin. Masu nema suna da yawa, kuma na koyi jira. In saƙo ya zo, wayata zai shigo, tana nan ɗaure a bakin zanena, Baffanki ko taɓa ta ba ya yi. In an ba mu, kindirmon farko da ya yi sanyi naki ne. In ba a ba mu ba, za mu sake nema idan kin zo hutu. Ko ta yaya ta kasance, can a wani ofis da ban taɓa gani ba akwai takarda da ta ce ke ce magajiyata, kuma daga bakina aka ji.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kada ki ce karatu ya hana ki. Man nan ki riƙa rufe shi da kyau, kuma ki ɗiba wa abokan ɗakinki. Ki kira Baffanki ko da zai ce ba komai, jiran kiran yake. Allah ya buɗa miki karatu, ya sa ki fi mu, ya kare ki daga masu lema da masu daɗin baki, ya sa duk ƙofar da kika ƙwanƙwasa da gaskiya ta buɗe. Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo mini da ke lafiya.

Idan kin zo hutu kika ji na koma cewa 'Yar Goggo a gaban mutane, kada ki ji haushi, tsohon harshe ba ya miƙewa rana ɗaya. Ki ɗauko takardar nan ki duba ƙasanta.

Allah ya yi miki albarka, Safiya.

Safiyata.

Ni ce,
Addarki, wadda ta haife ki.